Na'urori Biyu a Ƙarƙashin Ƙafar Makaɗi Ɗaya

Wasiƙar wannan makon ta fito ne daga wani matashi makaɗin jita a Kaduna, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya rubuto, bayan na taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Malam. Shekara shida ke nan ina kaɗa jita a wata ƙungiya da ke wasa a wuraren biki da dina. Bara mai kaɗa mana fiyano ya bar gari, sai na kwashi adashina na sayi Roland GR-55 na hannu tare da maɗaukin sauti GK-3, da nufin in riƙa fitar da muryar ƙaho da ogan da sarewa daga jitata, in cike gurbinsa. Dama ina da Boss GT-100 tun tuni. Na ɗauko waya daga mafitar GR-55 na soka a mashigar GT-100, daga nan zuwa amfilifayar jita. A ɗaki abin ya yi dama-dama, amma a wata dina na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Ƙahon ya fito a dagule, sauti yana makara, wasu muryoyin da ban kaɗa ba suna tsalma baki, ga ƙugi tun da aka tayar da janareta. Na jona wayar MIDI don su riƙa sauyawa tare, amma da na taka lamba huɗu lokacin shigowar amarya, maimakon kiɗa mai sanyi sai ƙaho ya tashi. Shugaban ƙungiya ya ce in bar akwatin nan a gida ko ya nemo wani makaɗin. Uwargida ta ce in sayar in huta da zubin adashi. Malam, in sayar, ko akwai gyara?"

Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai gyara, kuma ina ba ka shawarar kada ka sayar tukuna, domin duk matsalolin da ka lissafa, in ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ke nuna cewa na'urar ta lalace. Abin da suke nunawa shi ne ka haɗa na'urori biyu masu aiki daban-daban a kan hanya ɗaya, sannan ka fita da su bainar jama'a kafin ka san halinsu. Na fahimci zafin abin da ya same ka, don wanda ya taɓa tsayawa a dandamali ya ga idon mutane ya juyo kansa saboda kuskuren sauti ya san cewa daren nan barci ba ya zuwa da wuri. Amma hukuncin da aka yanke cikin jin kunya ba kasafai yake zama daidai ba, kuma kayan kiɗa na hannu idan aka sayar da su cikin gaggawa faɗuwa ake yi.

Bari in fara da babban kuskuren, wato yadda ka jera wayoyin. GT-100 an gina shi ne don ya karɓi ɗanyen sautin jita, mai rauni, ya ƙara masa ƙarfi da kaushi, ya kwaikwayi amfilifaya iri-iri, ya sa masa amsa-kuwwa. GR-55 kuwa sintesaiza ce, wato na'urar da ke juya kiɗan jita zuwa muryoyin wasu kayan kiɗa, kuma abin da ke fita daga manyan mafitarsa guda biyu, ta hagu da ta dama, sauti ne da aka riga aka gama dafawa, mai ƙarfi, mai faɗi tun daga ƙasan bes har zuwa siririyar muryar sarewa. Da ka zuba wannan a mashigar GT-100, sai ya ɗauke shi tamkar jita ce, ya bi da shi ta cikin kwaikwayon amfilifaya mai kaushi, ya matse shi. Daga nan kuma ka miƙa shi ga amfilifayar jita, wadda sifikarta da gangan aka yi ta don ta danne manyan muryoyi, yawanci daga wajen zagaye 5,000 a sakan zuwa sama. Wannan dannewa ita ke sa jita mai kaushi ta yi daɗin ji, amma ita ce kuma ke cire wa ƙaho haskensa, ta mayar da fiyano kamar ana kaɗa shi a bayan ƙofa. Sau biyu ke nan aka dagula muryar kafin ta kai kunnen amarya.

Gyaran shi ne ka raba hanya. Wayar nan mai allura 13 da ta taso daga GK-3 tana ɗauke da abubuwa da yawa a cikinta: sautin kowace tsirkiya daga cikin shida a kan layinta, da sautin jitarka na asali wanda ya shigo ta gajeriyar wayar da ke haɗa ramin jita da GK-3, da umarnin maɓallai, da kuma wutar da na'urar ke aika wa maɗaukin. A bayan GR-55 akwai rami da aka rubuta wa GUITAR OUT, kuma aikinsa ke nan ya dawo maka da sautin jitar asali shi kaɗai. Ka shiga saitin na'urar gaba ɗaya, ba na faci ɗaya ba (faci shi ne haɗin sautin da aka adana a ƙarƙashin lamba ɗaya), ka sa wannan rami ya riƙa fitar da NORMAL PU a kowane lokaci, sannan ka ja waya daga nan zuwa mashigar GT-100. Daga GT-100 sai ka wuce amfilifayar jitarka kamar yadda ka saba shekara shida. Su kuma manyan mafitar GR-55 ka kai su kai tsaye ga miksa, ko ga amfilifayar fiyano idan wadda tsohon abokin aikinku yake amfani da ita tana nan. Abu ɗaya da ake yawan mantawa: a cikin kowane faci na GR-55 ka kashe jitar asali, don kada ta fita ta wuri biyu, ɗaya ta amfilifaya ɗaya ta miksa, su riƙa cin juna har sautin ya yi siriri.

Idan ka ji huci ya ƙaru a facin da ke da kaushi sosai, dalilin shi ne sautin ya yi doguwar tafiya ta cikin waya da na'ura kafin ya iso, kuma kaushi yana kumbura duk abin da ya tarar, mai kyau da marar kyau. Wasu makaɗan suna magance wannan ta hanyar jan waya ta biyu daga ramin jita kai tsaye zuwa GT-100, su ɗaure ta jikin mai allura 13 da ɗan tef a kowane taku ɗaya, don su zama kamar igiya guda. Yana aiki, sai dai nauyin waya biyu a kafaɗa yana da takura. Ka fara da hanyar farko, in hucin ya dame ka sai ka koma ta biyu.

Na san wani lokacin mai kula da sauti a wurin biki zai ce maka layi ɗaya kawai ya rage a miksarsa. A irin wannan hali ƙaramar miksa taka ta kanka, mai layi huɗu, ta fi kowace dabara sauƙi: ka haɗa na'urorin biyu a cikinta, ka daidaita su da hannunka, ka miƙa masa waya ɗaya. In za ka yi haka, wato GT-100 zai tafi miksa ba tare da amfilifayar jita ba, to ka tuna ka sauya saitin mafitarsa zuwa LINE/PHONES, domin a nan ne yake sa kwaikwayon sifika, in ba haka ba jitar za ta fito da tsini mai soke kunne. Akwai kuma ƙaramin ramin AUX IN a jikin GT-100 wanda za a iya shigar da GR-55 ta cikinsa ba tare da ya bi ta kaushi ba, amma ramin irin na wayar kunne ne, ba ya jure ja da taku, don haka ban cika son dogaro da shi a dandamali ba.

Yanzu batun lamba huɗu da ta ba ka kunya. Wannan lissafi ne kawai, kuma da ka gan shi sau ɗaya ba zai sake kama ka ba. MIDI yare ne da kamfanonin kayan kiɗa suka amince da shi a 1983, kuma Ikutaro Kakehashi, wanda ya kafa Roland a Osaka ta ƙasar Japan a 1972, yana cikin waɗanda suka tsaya har aka samar da shi, tare da Dave Smith na Amurka. Wayar MIDI ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan, umarni take ɗauka, a kan tashoshi 16. Idan ka taka fedal a GT-100, abin da yake faɗa wa ɗan'uwansa shi ne lamba tsura: koma ta ɗaya, koma ta huɗu, koma ta tara. Ba ya faɗin suna, ba ya faɗin rukuni kamar yadda kake gani a allo. To GT-100 yana jera facinsa huɗu-huɗu a kowane rukuni, shi kuwa GR-55 uku-uku yake jerawa. Ɗaya da biyu da uku za su dace, shi ya sa a ɗaki ka ga kamar komai lafiya. Da ka taka ta huɗu, GT-100 yana nan a rukunin farko, amma a wurin GR-55 lamba huɗu ita ce ta farko a rukuni na biyu, kuma a nan ne ƙahonka yake zaune. Daga nan duk yadda ka ci gaba, tazarar da ke tsakaninsu ƙaruwa take yi.

Kafin ka gyara lissafin, ka yanke shawarar wa ke ba da umarni, don ba a sarki biyu zamani ɗaya. Ni GT-100 nake zaɓa, saboda yana da fedal huɗu na lamba da biyu na hawa da saukar rukuni, kuma ƙafarka ta riga ta san inda suke ko a cikin duhu. Waya ɗaya tak za ka ja, daga MIDI OUT na GT-100 zuwa MIDI IN na GR-55. Kada ka ƙara ta biyu ta dawowa, kuma ka kashe aika lambar faci a GR-55, ka bar karɓa kawai a kunne, ka tabbata tashar da wannan ke aikawa ita ce wancan ke saurare. Bayan haka ka buɗe taswirar karɓar lamba a cikin saitin MIDI na GR-55, ka sauya ta daga tsayayyiya zuwa wadda ake tsarawa, sai ka zauna da takarda da biro ka rubuta: lamba ɗaya ta kira wane faci, lamba huɗu ta kira wane. Amfanin taswirar shi ne faci ɗaya na ogan zai iya amsa kiran lambobi goma daban-daban ba tare da ka kwafe shi sau goma ba.

Kuma ka tanadi faci guda a GR-55 wanda ka kashe komai a cikinsa, ka sa masa suna SHIRU. Duk lambar da jita kaɗai ake buƙata, ka nuna ta ga wannan facin. Da kana da shi a daren nan, da amarya ta shigo cikin kiɗan da ka shirya mata. Sauran lambobin da ba ka amfani da su ma duk ka tura su can, don in ƙafarka ta zame cikin cunkoson masu liƙi, abin da zai biyo baya ya zama jita kawai.

Akwai ɗan yankewar sauti da yawancin irin waɗannan na'urori ke yi a daidai lokacin sauya faci, kuma idan biyu suka sauya tare kunne yana kama shi. Saboda haka ka tsara aikinka ta yadda waƙa ɗaya za ta zauna a faci ɗaya in da hali, shigowar ƙaho da fitarsa kuwa ka ɗora su a kan fedal CTL na GR-55, ko ka riƙa shigo da su a hankali da babban fedal na murya. Sauyin lamba ka bar shi sai tsakanin waƙa da waƙa, lokacin da mawaƙi ke gaisuwa da kirari.

Sai makarar sauti da muryoyin da ke tsalma baki, kuma a nan nake so ka ba ni hankalinka sosai, don a nan ne yawancin mutane ke karaya. Kafin GR-55 ya fitar da muryar ƙaho, dole ya saurari tsirkiya ya gane wace murya aka kaɗa, kuma ba zai gane ba sai tsirkiyar ta kaɗu aƙalla zagaye guda, sau da yawa fiye da haka. Tsirkiya mafi kauri idan aka sake ta tana kaɗuwa kusan sau 82 a sakan, wato zagaye ɗaya yana cin wajen milisakan 12. Mafi siranta kuwa kusan sau 330 take yi, zagayenta milisakan 3 ne kacal. Ka ga ke nan jinkirin da kake ji a ƙasa halitta ce ta tsirkiya, babu saitin da zai share shi gaba ɗaya. Dabarar ita ce ka kaɗa a kan siraran tsirkiyoyi ko a saman wuyan jita, sannan a cikin faci ka saukar da muryar da okta ɗaya ko biyu, wato murya iri ɗaya amma mai kauri, idan ƙasa kake so. Haka za ka samu kaurin murya da saurin amsawa a lokaci guda. Ka kuma lura da inda kake tsayawa: sauti a iska yana cin kusan milisakan 3 a kowace mita, don haka in sifikar da kake jin kanka ta cikinta tana nesa da kai mita biyar, ka ƙara wa kanka jinkirin milisakan 15 wanda ba ruwan na'ura da shi. Ka roƙi a ajiye maka ƙaramar sifika a gabanka.

Wani abin da zai taimake ka shi ne sanin cewa GR-55 yana da injin sauti iri biyu. Akwai muryoyin PCM, sama da 900, waɗanda aka ɗauko daga kayan kiɗa na gaske, biyu daga cikinsu na iya tashi tare a faci ɗaya, kuma su ne ke jiran a gane murya. Akwai kuma sashen kwaikwayo na COSM, wanda ke sarrafa kaɗawar tsirkiyar kanta kai tsaye ba tare da jiran ganewa ba. In waƙa tana da gudu, ka jingina da na biyun, ko ka sa jitar asali ta fara magana ta GT-100, muryar PCM mai shigowa a hankali ta biyo bayanta ta cika wuri. Jinkirin da ke cutar da fiyano ba ya cutar da muryar da dama can a hankali take tasowa.

Su kuwa muryoyin da ba ka kaɗa ba, rabinsu daga yadda aka ɗaura GK-3 suke fitowa. Ka ɗauko jitar ka ɗora a cinya inda akwai haske, ka duba da idonka. Maɗaukin ya kamata ya zauna dab da jaki, wato matokarin tsirkiya, tazarar kada ta wuce milimita 20, kuma kowace tsirkiya ta ratsa ta tsakiyar nata ɗan maganaɗisun. Sannan ka danne tsirkiya a gaɓa ta ƙarshe, mafi kusa da cikin jita, ka leƙa ta gefe: sararin da ke tsakaninta da maɗaukin ya zama wajen milimita 1. Idan ya yi nisa, na'urar ba ta ji da kyau, sai ta yi ta lalube; idan ya taɓa, sai ƙara. Tun da na hannu ka saya, mai yiwuwa saitin da ke ciki na jitar tsohon mai shi ne. Ka shiga saitin GK ka gaya mata gaskiyar jitarka: irin maɗaukin, tsawon tsirkiya daga jaki zuwa kai, wanda a jita ƙirar Stratocaster milimita 648 ne, a ƙirar Les Paul kuwa wajen 628, da nisan maɗaukin daga jaki a kowace tsirkiya. Daga nan ka daidaita ƙarfin ji na tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya, kana kaɗawa da irin ƙarfin da kake yi a wurin biki, ba irin na ɗaki da dare ba, ta yadda ma'aunin ba zai kai ƙoli ba sai a bugu mafi ƙarfi. Akwai saitin LOW VELO CUT da ke sa na'urar ta yi watsi da taɓawa mai rauni. Ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan har tsalma bakin ya ragu. Ka sa sababbin tsirkiyoyi, don tsofaffi masu tsatsa muryarsu ba ta tsayawa wuri ɗaya.

Ɗaya rabin kuwa daga hannunka yake, kuma ina faɗin haka ne ba don in rage maka daraja ba. Jita tana yafe abubuwa da yawa: ɗan gogar yatsa a kan tsirkiya, tsirkiyar da aka bari tana amo, ɗaga yatsa da sauri. Waɗannan su ne gishirin kiɗan jita, kuma wanda ya saurari makaɗan Agadas ya san yadda ado da yatsun hagu da barin tsirkiya tana gunji a ƙasa ke ƙawata kiɗa. Amma sintesaiza duk abin da ta ji murya take ɗaukarsa, ta busa maka shi da ƙaho. Dole ka koyi kashe tsirkiyoyin da ba ka so da gefen tafin hannun dama, ka kuma riƙa ɗaga yatsa a tsanake. Bayan haka ka yi tunani irin na mai kayan da kake kwaikwayo. Mai busa ƙaho yana numfashi, ba ya busa murya shida tare, ba ya share minti biyu bai tsaya ba. Mai fiyano ba ya lanƙwasa murya, don haka a facin fiyano da ogan ka kunna CHROMATIC. Pat Metheny, makaɗin jita ɗan Amurka wanda ya yi suna da sintesaizar Roland GR-300 tun farkon shekarun 1980, abin da ya sa kiɗansa da ita ya shiga zukata shi ne ya riƙa jera muryoyinsa kamar mai busa. Roland ta fitar da sintesaizar jitarta ta farko, GR-500, a 1977, taka kuwa ta fito a 2011, kuma a duk tsawon wannan zamani makaɗan da suka ci moriyar abin su ne waɗanda suka yarda su sake horar da hannunsu.

Ƙugin da ya taso da janareta yawanci daga wayar ƙasa yake, wadda masu gyaran wuta ke kira atin. Idan amfilifayarka tana jone a soket ɗaya, miksa tana wani soket can nesa, ga kuma wayoyin sauti sun haɗa su, sai a samu zobe da ƙaramar wuta ke kewayawa a cikinsa, ka ji ta a sifika da muryar wutar ƙasarmu mai zagaye 50 a sakan. Ka jona duk kayanka a reshen wuta guda ɗaya mai kyau, ka sa akwatin DI, wato ɗan akwatin da ke daidaita sauti kafin ya shiga miksa, tsakanin GR-55 da miksa, in ƙugin ya taso ka danna maɓallinsa na ɗage wayar ƙasa. Wayar MIDI ba ta cikin masu laifi, don an tsara mashigarta ta yadda umarni ke tsallakawa ta haske ba tare da haɗuwar wuta ba. Ina roƙonka da babbar murya, kada ka bari kowa ya karya ƙafar atin ta fulogin amfilifaya da sunan maganin ƙugi. Tsirkiyoyin jitarka ƙarfe ne, suna haɗe da jikin amfilifayar, leɓenka kuma yana kusa da makirufo. Makaɗa sun rasa rayukansu ta wannan hanya. Ka samu sitabilaiza ƙarama, ka yi amfani da adaftar kowace na'ura tata ta asali, kuma kada ka kunna kayanka sai janareta ya daidaita.

Wayar mai allura 13 ita ce wuri mafi rauni a duk wannan tsari, kuma ita ce mafi wuyar samu idan ta mutu ana gobe biki. Na taɓa shafe yini guda da hunturu ina neman dalilin da ya sa tsirkiya ta huɗu take ɗaukewa tana dawowa, na sauya saiti, na sake ɗaura maɗauki, sai da yamma na haska cikin kan wayar da tocila na ga ƙurar da ta taru ta yi fari a gindin allurai. Da na share ta da ɗan burushi mai laushi da maganin wanke mahaɗar lantarki, matsalar ta tafi. Tun daga ranar nake rufe kawunan wayar da leda idan na naɗe ta. Kai ma ka yi haka, ka riƙa ratsa ta cikin maratayin jita kafin ka soka don kada nauyinta ya ja ramin, kada ka soka ko ka zare ta na'ura tana kunne, kuma da zarar ka samu hali ka sayi ta biyu ka ajiye a jaka. Ka kula da ɗan maɓallin nan mai matsayi uku a jikin GK-3: a tsarin da na ba ka, a tsakiya zai zauna, kan MIX, domin in hannunka ya ture shi gefe ɗaya jita za ta ɗauke, in ya ture shi ɗaya gefen sintesaiza ce za ta yi shiru. Ɗan guntun tef ya isa ya tsare shi.

Na bar maganar shugabanku da uwargida sai yanzu ne don ina so ka je musu da abin da za ka nuna. Shugaban yana da gaskiya a wuri ɗaya: sunan ƙungiyar ne ke zubewa idan aka yi kuskure a bikin mutane, kuma bikin da ya wuce ba a maimaita shi. Ka same shi kai kaɗai, ba a gaban yara ba, ka ba shi haƙuri, ka ce masa za ka bar akwatin a gida na mako huɗu kamar yadda ya ce, ka ci gaba da zuwa aiki da GT-100 kaɗai. Ka roƙe shi abu ɗaya, ya ba ka rabin awa a ƙarshen kowane gwaji, da cikakkun sifikoki da mai ganga, don a nan ne za ka daidaita ƙarfin faci da faci. Abin da ya yi daidai a wayar kunne sau da yawa ɓacewa yake yi ko ya yi yawa idan ganguna suka tashi. Idan lokacin komawa ya yi, kada ka koma da waƙa ashirin. Ka zaɓi uku: ɗaya mai shimfiɗar ogan a ƙarƙashin jita, wadda za ka riƙe da fedal CTL a matsayin HOLD, wato mai riƙe murya ta ci gaba da amo, ɗaya mai amshin ƙaho gajere, ɗaya mai sarewa. Ka kuma faɗa masa gaskiya cewa ba za ka zama makaɗa biyu ba. Taura biyu ba ta taunuwa, kuma mai fiyano yana da yatsu goma da ba sa aikin komai sai nasa. Abin da za ka iya shi ne ka toshe wuraren da rashinsa ya fi fitowa fili, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar da ke raba kuɗin wasa tsakanin mutane kaɗan.

Uwargida kuwa damuwarta zubin adashi ne, kuma haƙƙinta ne ta damu, tun da daga tukunyar gida ake cirewa. Kada ka amsa mata da bayanin wayoyi. Ka zauna da ita ka faɗa mata nawa ya rage a zuba, daga ina za ka riƙa fitar da shi a waɗannan makonni, sannan ku sa rana tare: in ranar ta zo shugaban bai karɓi waƙoƙin nan uku ba, za ka sayar. In har ta kai ga haka, ka sayar da shi a tsanake, a haɗe da GK-3 da wayarsa da adaftarsa, kana iya kunna wa mai saye ya ji komai na aiki, don hakan zai ɗaga farashinsa fiye da yadda za ka samu yau. Kuma in daga baya sha'awar ta dawo, akwai irin su Boss SY-300 da ya fito a 2015 da ƙannensa SY-1 da SY-200, waɗanda ke karɓar wayar jita ta yau da kullum ba tare da maɗauki na musamman ba, kuma suna shiga madaukin SEND da RETURN na GT-100 cikin sauƙi. Sai dai muryoyinsu na sintesaiza ne zalla, ba za su ba ka fiyano ko ƙaho mai kama da na gaske ba, wanda shi ne dalilin da ya sa ka kwashi adashin tun farko.

Ka fara da raba hanyar sauti da facin SHIRU a daren yau, saitin GK-3 kuma ka bar shi sai da safe lokacin da akwai haske. In ka kai ga taswirar MIDI ka ga lambobin sun ƙi zama, ka rubuto mini jerin facinka na na'urorin biyu yadda suke a allo, zan duba maka su. Ka gaida uwargida, Allah ya ba da sa'a.